Yadda Ake Tsara Ƙa'idojin Amfani da Intanet a Jami'a

Duk jami'ar da ta shimfiɗa waifai a ɗakunan karatu da na kwanan ɗalibai, kuma ta buɗe fotal, wato shafin intanet na rajista, tana bukatar rubutacciyar takarda da za ta fayyace abin da aka yarda a yi da waɗannan kayayyaki da abin da aka hana.

Mataki na farko shi ne a kafa ƙaramin kwamiti da zai haɗa sashen fasahar sadarwa, da ofishin rajistara, da lauyan jami'a, da ɗakin karatu, da wakilin ƙungiyar ɗalibai. Idan aka bar wa injiniyoyi aikin su kaɗai, takardar takan fito cike da kalmomin da ɗalibin aji ɗaya ba zai fahimta ba.

Daga nan sai kwamitin ya duba dokokin ƙasa, domin ƙa'idar jami'a ba ta da hurumin saɓa musu. A Nijeriya akwai Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, wadda ta haramta kutse cikin kwamfutar wani ba da izini ba, da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, da kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar bayanai mai haɗari ga masu su.

Sai kuma a rubuta abubuwan da aka hana, a ambace su da sunansu. A nan ne ya kamata a fi ɓata lokaci a kan kalmar sirri. Lokacin rajista, ɗalibi yakan miƙa lambarsa da kalmar sirrinsa ga mai shagon intanet a bakin ƙofar makaranta, wani lokaci ma a rubuce a bayan takardar biyan kuɗi, sannan ya shekara bai canza ta ba. Ya kamata ƙa'idar ta faɗi ƙarara cewa duk abin da aka aikata da asusun mutum shi za a tambaya, kuma ta umarci a canza kalmar sirri da zarar an gama rajista. Sauke fina-finai masu cinye ƙarfin layi, da tallan kasuwanci da imel ɗin jami'a, da cin zarafin wani a shafukan sashe, kowanne jimla ɗaya ta ishe shi a takardar.

Abin da galibi ake mantawa, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci, shi ne iyakar ma'aikatan sadarwa su kansu. Takardar ta bayyana irin bayanan da ake ajiyewa, da tsawon lokacin ajiyarsu, da wanda zai sa hannu kafin a buɗe imel ɗin malami ko ɗalibi, domin wanda ke riƙe da makullin kowa shi ma yana bukatar linzami.

Bayan haka a tsara hukunci hawa-hawa, daga gargaɗi zuwa rufe asusu na ɗan lokaci zuwa kwamitin ladabtarwa, tare da damar ɗaukaka ƙara. Idan majalisar jami'a ta amince da takardar, sai a wallafa ta a shafin jami'a, a karanta wa sababbin ɗalibai a makon wayar da kai, a kuma sa ranar da za a sake duba ta.