Yadda ake kawar da itacen da ya faɗi ya tare ɓarauniyar hanya

Hanyar da ƙafafun mutane suka fitar a daji ba ta cikin lissafin kowace hukuma, saboda haka idan guguwa ta kayar da itace a kanta babu ma'aikacin da zai zo ya ɗauke shi. Sai dai ƙasar tana da mai ita, kuma wajibi ne a nemi izininsa kafin a sa zarto, domin a gandun dajin gwamnati sare ko da faɗaɗɗen itace na iya zama laifi. Idan kuwa itacen ya taɓa wayar lantarki, a nisance shi a sanar da masu kula da wutar.

Kafin a yanka komai, a ɗaga kai a duba ko akwai karyayyen reshe da ya maƙale a sama, sannan a zagaya itacen a ga inda nauyinsa ya kwanta. Nan ne mafi yawan haɗarin yake. Reshen da gungume ya danne ya lanƙwashe kamar baka ne da aka ɗana, kuma sara ɗaya ta isa ta sa ya zabura ya bugi fuska. Haka nan itacen da ya tuge da saiwarsa, da zarar an raba gangar da gindin, tushen kan koma raminsa da ƙarfi, don haka kada kowa ya tsaya a bayansa.

A fara da ƙananan rassa, da adda ko zarton hannu, ana janye su gefe. Idan gangar ta dogara da ƙasa ta kai da gindi, tsakiyarta na lilo, a yanka kashi ɗaya bisa uku daga sama, a ƙarasa daga ƙasa, in ba haka ba tsagar za ta matse bakin zarton. Idan gefe ɗaya ne yake rataye, a fara daga ƙasa a ƙarasa daga sama. A wurin gangara, mai yanka ya tsaya ta tudu.

A ganina, wanda bai koyi aiki da zarton inji ba ya bar shi, kuma kada a tafi wannan aiki ba tare da abokin tafiya ba. Gungumen da ya fi ƙarfin kayan hannu, a share rassansa kawai yadda za a iya tsallake shi, domin kewayewa tana buɗe sabuwar turba da ruwan sama zai zaizaye.