Canza robine a motar kwana: duba pompinka kafin ka nufi kasuwar Katako

Robinen roba da ke zuwa da kwanon wanke-wanke na motar kwana, wato motar tafiya mai wurin kwana da girki a cikinta, ba ya jure zafin Yamai. Mota ta wuni a rana cikin watan Afrilu, robar ta bushe, wuyan ya tsage. Canjinsa aikin awa ɗaya ne, amma kuskuren tun wurin saye ake yinsa.

Leƙa ƙarƙashin kwanon tukuna. In ka ga wayoyi biyu sirara sun fito daga gindin robinen, pompinka irin wanda ake nutsawa cikin bido ne, kuma makunninsa yana cikin robinen: ka buɗe, wutar bolt 12 ta kama, ruwa ya zo. Ka ɗora masa robinen gida, ko ɗigo ba za ka gani ba. Sai dai ka nemi mai makunni, ko ka sa makunni dabam kusa da hannu. In babu waya, pompinka mai matsi ne, irin Shurflo, wanda ke tashi da kansa in matsin tiyo ya sauka. Shi kam robinen gida na tagulla ya yi masa daidai, kuma shi ne ya fi sauƙin samu a kasuwar Katako ta Yamai.

Auna ramin. Na gida yana son milimita 35, na mota sau da yawa ya fi shi ƙanƙanta, sai an faɗaɗa. Auna tsawo ma, don kada murfin kwanon ya ƙi rufuwa.

Kayan aiki: kile mai daidaitawa, kolye na ƙarfe (zoben matse tiyo) guda 4, teflon (ƙyallen da ake naɗa wa zaren mahaɗi don hana yoyo), tsumma, da mahaɗi mai zare 12/17 (lambar girman zaren robinen gida) a kai ɗaya da bakin tiyo na milimita 10 ko 12 a ɗayan. Tafi da guntun tiyonka shago a gwada a gabanka, kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne".

Cire fizibil ɗin pompi, buɗe robine ruwa ya tsiyaye, kwance tiyo, kwance notin ƙasa, zare tsohon. Kafin ka zaunar da sabon, yanka falanki mai kaurin milimita 10, faɗin tafin hannu, ka huda shi, ka sa tsakanin teburin da noti. Teburin mota siriri ne, robinen tagulla kuma yana da nauyi. Girgizar hanyar Tawa zuwa Abalak kaɗai ta isa ta cinye bakin ramin har ya riƙa lilo. Wannan falankin ne mutane ke rainawa, alhali shi ke riƙe aikin.

Teflon zagaye 6 zuwa 8, ta inda zare ke ɗaurewa, kuma a zaren da ba shi da robar toshi kawai. Inda akwai roba, ɗaure da hannu, ka ƙara kwatan juyi da kile. Ka wuce nan, ka murƙushe ta. In tiyo ya ƙi shiga, tsoma bakinsa cikin ruwan zafi. In robinen mai mashigar ruwa biyu ne, ta sanyi da ta zafi, kuma motarka ba ta da ruwan zafi, toshe na zafin da murfi mai zare, in ba haka ba ruwa zai ɓulle ta can cikin kabad.

Mayar da fizibil, kwance ragar bakin robinen, ka bar ruwa ya gudu minti ɗaya ya fitar da iska da datti, sannan ka mayar da ita. Rufe, ka saurara. In pompi mai matsi yana "tar-tar" lokaci-lokaci alhali robine a rufe yake, akwai yoyo: bi kowane mahaɗi da busasshiyar takarda. In ruwa ya yi rauni bayan ƴan kwanaki, yashin ruwan rijiya ne ya toshe ragar. Wanke ta, ka sa matata tsakanin tanki da pompi. Bayan tafiyar farko, sake ɗaure noti da kolye duka.