Kurakuran da ake yi a gyaran birki, musamman na baya da aka mayar ɗan bora

Masu motocin haya da masu kai kaya kasuwannin ƙauye, maganar birki ce yau, dan abin da ake yi a garejojinmu na gefen Gaya da Ringim da Gumel yana tayar min da hankali sosai. Kowa so yake da ya taka motar ta kama, amma ba kowa ke tambaya ba wace taya ce take fara kamawa, alhali nan ne rai yake.

Duk sanda ka taka birki nauyin mota gaba yake tafiya, shi ya sa kake ganin hancinta ya duƙa, tayoyin gaba su danne ƙasa na baya kuma su yi sako-sako. Shi ya sa kamfani ya ba gaba kaso mafi yawa, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari a yawancin ƙananan motoci, baya ta ɗauki sauran. In baya ta riga gaba kullewa sai gindin motar ya wulwulo ya dawo gaba, sitiyari ba zai cece ka ba. In kuma baya ba ta aiki gaba ɗaya to gaba ce za ta yi ta ɗaukar zafi har ta gaji.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne toshe fayif ɗin da ke kai man birki tayar baya. Silindar cikin diram, wato gangar birkin tayar baya, ta fara yoyon mai, maimakon a canza roba ko a sa sabuwar silinda sai bakanike ya naɗe fayif ɗin ya bubbuge da guduma ko ya cusa ƙusa yace oga je ka, na gaba ya isa. Wallahi bai isa ba. Golf ko Sharon da ta ɗauko mutum goma da buhunan gero a but daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, nauyinta duk a baya yake, lokacin ne ma take buƙatar birkin baya fiye da kullum, ga shanu suna tsallaka titi ba sallama. Kuma in gefe ɗaya aka toshe motar za ta dinga fizga gefe in an taka da ƙarfi. Gyaran ba tsada, silindar baya tana cikin kaya masu araha a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano, a canza, a wanke diram, in shu ɗin, wato abin da ke goga diram daga ciki, ya sha mai a zubar da shi duk biyun a sa sabo, dan wankewa da fetur ba ya fitar da man da ya shige ciki.

Akwai kuma wani ɗan bawul a ƙarƙashin mota kusa da gindi, da sifirin ko sandar ƙarfe da ta haɗa shi da aksil, za ka gan shi a Hilux da Hiace da Golf 3 da yawa. Aikinsa ya ji nauyin lodi, in an lafta kaya ya ƙara wa baya ƙarfi, in mota ba kowa ya rage. Mutane suna cire shi su haɗa fayif kai tsaye wai yana hana mai wucewa, sai mota ta dinga kulle baya ranar da ba lodi, musamman kan burji ko in an yi yayyafi. Wasu kuma sun ƙara ganyen sifirin sun ɗaga bayan mota dan ta ɗau kaya amma ba a sake saita sandar ba, to bawul ɗin kullum gani yake motar ba komai a ciki ko da ta cika maƙil. In ka ɗaga mota dole a saita shi, in tsatsa ta cinye shi a nemo wani.

Sai masu son ƙara wa birki ƙarfi. A ɗauko kalifa babba (abin da ke matse fad a jikin faifan birki, wato dis) ta wata mota a ɗaura a gaba a bar masta ta asali (famfon da ke tura man birki in an taka feda), sai feda ta yi nisa tana nutsewa dan man da mastar ke turawa bai cika babbar kalifa da wuri ba. Ko a cire diram na baya a sa dis ba tare da an canza bawul ba. Ni a ganina in za ka canza to ka ɗauko saitin gaba ɗaya daga babbar yayar motar, wato samfurin da ya fi ta girma na kamfani ɗaya, kalifa da dis da masta da bawul, in ba hali ka bar na kamfani ka sa fad mai kyau da taya mai kyau, shi ya fi. Taya mai sanƙo ko wadda ta tsufa ko wane birki ka sa sulɓewa za ta yi, ka duba lambobi huɗun nan na jikinta, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Man birki kuma dan Allah a daina zuba ruwan omo, a daina zuba baƙin mai. Ruwa yana tafasa in birki ya yi zafi feda ta tafi ƙasa, yana kuma sa tsatsa, baƙin mai shi kumbura robobi yake. Duba murfin tankin man birkin, an rubuta DOT 3 ko DOT 4, shi za ka saya a rufe, kuma a juye tsohon duk kamar shekara biyu dan yana shan danshi. Wajen cire iska daga fayif ɗin birki a yawancin motoci ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta, kar yaro ya cire na gaba kawai yace an gama.

Fad ba a canza gefe ɗaya, hagu da dama tare ake yi. Shu na baya kuma kar a ɗaure shi tamau, a juya taya da hannu a ji tana ɗan gogawa kaɗan kawai.

Bayan kowane gyara ka samu burji mai faɗi inda ba mutane ba dabbobi, ka tafi a hankali ka taka da ƙarfi, ka sauko ka duba sawu. In motar ba mai ABS ba ce, wato na'urar da ke hana taya kullewa, ya kamata sawun gaba ya fara bayyana kuma hagu da dama su yi daidai. In na baya ne ya riga, ko gefe ɗaya ne kawai ya ja ƙasa, ka koma gareji kafin ka ɗauki fasinja.