Yadda Ake Gane Doguwar Naƙuda a Jikin Karya da Yadda Likita Ke Magance Ta

Yawancin karnuka suna haihuwa ba tare da taimakon kowa ba, amma idan naƙuda ta yi gardama, awanni kaɗan sun isa a rasa uwa da 'ya'yanta. Saboda haka mai kare, ko na gadi yake kiwo ko na farauta, aikinsa na farko shi ne lura da lokaci.

A fara da rubuta ranar da aka yi wa karya barbara, domin cikinta yakan ɗauki kimanin kwana 63. Idan kwanakin sun kusa, a riƙa auna zafin jikinta ta dubura safe da yamma. A ƙa'ida yakan tsaya tsakanin digiri 38 da 39, amma idan ya sauka zuwa kusan 37, to a sa ran haihuwa cikin awa 24. Daga nan za ta ƙi abinci, ta riƙa haki da tonon ƙasa tana neman lungu, kuma wannan hali yakan ɗauki awa 6 zuwa 12.

Da zarar ta fara yunƙuri, a duba agogo. Idan ta yi minti 30 tana yunƙuri mai ƙarfi kwikwiyo bai fito ba, ko awa 2 suka wuce bayan fitowar wani alhali akwai saura a ciki, ko ciki ya haura kwana 70 daga barbara, to a nemi likitan dabbobi nan take. Alamar da ta fi kowacce tayar da hankali ita ce fitowar koren ruwa kafin a haifi kwikwiyo na farko, domin tana nuna mabiyiya ta rabu da mahaifa, iska kuma ta fara yanke wa wanda ke ciki. Fitowar kwikwiyo ta ƙafafun baya kuwa ba matsala ba ce a karnuka.

Idan kwikwiyo ya leƙo ya maƙale, a sa safar hannu, a riƙe jikinsa da tsumma mai tsabta, a ja a hankali zuwa ƙasa daidai lokacin da uwar ke yunƙuri. Kada a ja shi ta ƙafa ɗaya ko ta wutsiya, kuma wani ya riƙe kan karyar, domin zafin ciwo na sa ta ciji ko da mai ita.

Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a sayo allurar naƙuda, wato oksitosin, daga kemis a yi mata a gida. Allurar tana matse mahaifa ne kawai. Idan hanya a toshe take, ko don kwikwiyon ya yi girma, ko ya gicciye, ko ƙugun uwar ya tsuke sakamakon tsohuwar karaya irin ta bugun mota ko babur, matsewar za ta kashe 'ya'yan, tana kuma iya fasa mahaifar.

A asibiti, likita zai fara da duba hanyar haihuwa da yatsa, sannan ya ɗauki hoton ƙashi don ƙirga 'ya'yan da ganin kwanciyarsu, ya kuma yi sikanin don auna bugun zuciyarsu. Lafiyayyen kwikwiyo zuciyarsa kan buga fiye da sau 200 a minti, idan kuwa ta sauka ƙasa da 160 babu sauran jira. Asibitocin koyarwa na dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, su ne wuraren da aka fi samun irin waɗannan na'urori, don haka yana da kyau a san inda za a nufa tun kafin ranar.

Idan hanya a buɗe take, mahaifa ce kawai ta gaji, wanda shi ne sanadin da aka fi gani, likita zai ba da sinadarin kalsiyam ta jijiya a hankali yana sauraron zuciyar uwar, ya ƙara ruwan sukari idan ta galabaita, sannan ya yi oksitosin kaɗan-kaɗan. In ba ta haihu ba bayan allura biyu ko uku, sai tiyata. Karnuka masu ƙaton kai da gajeren hanci irin buldog galibi tun farko tiyatar ake shirya musu.

Bayan haihuwa, a share majina daga hanci da bakin kowane kwikwiyo, a goge shi da tawul har ya yi kuka, a ajiye shi wuri mai ɗumi, a kuma tabbatar ya kama nonon farko a ranar, domin a cikinsa yake samun kariya daga cututtuka.