Yadda za ka zaɓi agogon gudu mai GPS don gane hanya da daidaita sauri

Kafin ka duba sunan kamfani, fara tantance inda kake gudu. Mai gudu a fili, sama a buɗe, kusan kowane agogo zai yi masa. Wanda yake ratsa tsakanin dogayen gine-gine, ko ƙarƙashin bishiyoyi masu duhuwa, ko cikin kwazazzabo, shi ne ya kamata ya yi takatsantsan.

Dalili kuwa, agogon yana sauraron taurarin ɗan'adam ne da ke nisan kilomita kusan 20,200, kuma sai ya kama aƙalla huɗu kafin ya san inda kake. Siginar da ta taso daga can ba ta da ƙarfi. Idan ta bugi bango ta dawo kafin ta iso hannunka, sai agogon ya ɗauka tauraron yana da nisa fiye da gaskiya, ya ajiye ka a ɗaya gefen titi, ko ma a kan rufin gini. Abu biyu ke rage wannan matsala. Na farko, agogon ya iya amfani da rukunin taurari fiye da ɗaya: GPS na Amurka, GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin. Na biyu, wanda ya fi tasiri, ya zama mai karɓar sigina a zango biyu. Duba bayanansa ka ga ko an rubuta L1 da L5, wato sunayen zangunan biyu. Siginar L5 ta fi sauƙin bambancewa da wadda ta yi tsalle daga bango. Garmin Forerunner 255 da 265 da 965, Coros Pace 3, Suunto Race da Apple Watch Ultra duk suna da wannan. Sai dai kunna zango biyu yana shan batir sosai, don haka idan za ka kwatanta daɗewar caji, nemi awannin da aka rubuta wa wannan tsarin, kada ka ruɗu da babban adadin da ke jikin kwali.

Batun sauri ne mutane suka fi zargin agogo a kai alhali ba laifinsa ba ne. Mai yin kilomita ɗaya a minti 5 yana cin mita uku da ɗan ɗoriya ne kawai a kowace daƙiƙa, kuskuren GPS kuma yakan kai 'yan mitoci. Shi ya sa lambar saurin nan take ke rawa: yanzu 4:40, an jima kaɗan 5:25, kai kuwa takunka bai canza ba. Maganin shi ne ka sa agogo ya riƙa yanke zagaye da kansa a kowace kilomita, ka ɗora matsakaicin saurin zagayen a babban fili na fuskarsa. A mita ɗari biyu na farko lambar za ta ɗan yi yawo, daga nan ta zauna. Don haka kafin ka saya, tabbatar agogon yana barin ka tsara abin da fuska za ta nuna, kuma yana da zaɓin adana bayani a kowace daƙiƙa. Tsarin da ke tsallake daƙiƙoƙi don tattalin wuri yana yanke kwana, nisan ya fito a gajarce.

Idan kana atisaye a filin tsere mai zagayen mita 400, nemi agogo mai tsarin filin tsere, inda za ka gaya masa layin da kake bi. Mai yawan gudu a injin gudu na ɗaki, ko mai yin gajerun zagaye masu zafi, ya duba ko agogon yana haɗuwa da ɗan na'urar da ake maƙalawa a takalmi, irin Stryd, domin ita taku take aunawa, ba ruwanta da sama. Kuma a tseren marathon mai kilomita 42.195, kada hankalinka ya tashi in agogo ya nuna ya zarce. An auna hanyar ne ta layi mafi gajarta, kai kuwa ka yi ta kauce wa mutane. Bi allunan kilomita na masu shirya tseren, kana danna zagaye da hannu.

Gane hanya iri biyu ne, kuma bambancinsu babba ne. Akwai agogon da ke nuna zare ɗaya kawai a kan fuska babu komai a bayansa, kai kuma ɗigo ne a kansa. Za ka tsara hanyar a manhaja, ka tura wa agogon fayil ɗin GPX, wato fayil mai ɗauke da hanyar, in ka kauce ya yi girgiza. Forerunner 265 da Pace 3 haka suke. Wannan ya wadatar a hanyar da ba ta da rassa da yawa. Amma a mararrabar da ƙananan hanyoyi uku suka rabu kusa da juna, zaren ba zai nuna maka wadda ce taka ba sai ka yi nisa. Nan ne cikakkiyar taswira, irin ta Forerunner 965 ko Suunto Race, take biyan kuɗinta. Tabbatar ana sauke taswirar cikin agogon yadda za ta yi aiki ba intanet. Ya kasance da kamfas na maganaɗisu, domin wanda ba shi da shi ba ya sanin ina ka fuskanta idan ka tsaya cik, kuma lokacin da ka tsaya kana neman hanya ne kake buƙatarsa. Mai hawa tuddai ya ƙara da ma'aunin tsayi mai aiki da matsin iska.

Fuskar AMOLED, mai haske irin na waya, ta fi fito da taswira tas, ta MIP kuma, mai amfani da hasken waje, ta fi jimirin batir kuma tana karantuwa da kyau a rana. Madannai na gaske sun fi fuskar da ake shafawa amfani idan hannu ya jiƙe da gumi.

In agogon ya zo hannu, haɗa shi da waya a kai a kai don ya sabunta bayanan inda taurarin suke. Fita fili, tsaya wuri ɗaya har alamar ta nuna ya kama, ka ƙara masa kamar rabin minti kafin ka danna farawa. Sannan ka gwada shi a layin farko na filin tsere ba tare da tsarin filin ba: zagaye biyar mita 2,000 ne cif. In ya nuna 2,020, kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari ke nan, wato daƙiƙa 3 a kowace kilomita ga mai gudun minti 5.