Darasi na Bakwai: Saurare da Maimaita Abin da Aka Ji

Sau da yawa mutum yakan zauna gaban malamar asibiti tun farkon bayani har ƙarshe, yana gyaɗa kai yana cewa "to, to", ya fita bai riƙe ko rabin abin da aka gaya masa ba. A wannan darasi za mu koyi yadda ake tabbatar da cewa magana ta shiga kafin a tashi daga wurin. Babbar hanyar ita ce ka maimaita ta da bakinka gaban wanda ya faɗe ta.

Inda rashin saurare yake da tsada

Mu ɗauki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara gida-gida da damina, daga ɗan wata 3 zuwa wanda bai cika shekara 5 ba. Kowane zagaye na kwana 3 ne. Ranar farko mai rabo ne ke ba yaro da hannunsa, sai ya bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku. Bayanin gajere ne, amma yawanci a zaure ake yin sa ko a tsakar gida, ga tukunya bisa wuta, ga yaro yana kuka saboda ɗacin magani. Uwa ta ji "ki ba shi", ba ta ji "ɗaya gobe, ɗaya jibi" ba. Wata sai ta haɗa biyun ta ba shi rana guda, wata kuma ta ajiye sai ya yi zazzaɓi, alhali maganin na rigakafi ne, in ba a cika kwanakin ba kariyar takan ragu.

Haka garin gishiri da sukari na gudawa. Ƙunshi ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta ake zuba shi, wato ledar ruwan sha mai rabin lita guda biyu, kuma abin da ya wuce awa 24 zubarwa ake yi. Wanda bai ji adadin ruwan ba ya dama a ɗan kofi, gishirin ya yi yawa, yana iya cutar da yaron. Ƙwayar zinki da ake haɗawa da shi kuwa kwana 10 zuwa 14 ake sha, ko da gudawar ta tsaya a rana ta uku. Wannan "ko da" ɗin ne aka fi mantawa, don a ƙarshen bayani yake zuwa, lokacin da hankalin uwa ya riga ya koma gida.

Abubuwan da ke tare kunne

Wasu a fili suke: ƙarar injin niƙa, kabu-kabu a bakin hanya, rediyo, hayaniyar Kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis. Maganinsu mai sauƙi ne. A matsa gefe, a rage muryar rediyo, a fuskanci mai magana, a kifa salula. Yunwa, gajiya da zafin rana ma suna rage riƙo, shi ya sa maganar kuɗi ko ta gado gara a yi ta da safe.

Akwai kuma gaggawar zuci. Mai magana bai kai rabi ba, kai ka soma shirya amsa, ko ka ce ai na san inda ya dosa. Daga nan abin da ka zata kake ji, nasa bayanin ya wuce ka. Wannan ya fi kama mutum in akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakaninsa da mai maganar, ko in yana raina shi don yaro ne ko mace ce.

Amma a ganinmu kunya ta fi duka ɓarna. An tarbiyyantar da mu kada mu katse babba, kada mu ja magana da shi, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai ita ce ke sa matashiya ta sunkuyar da kai gaban ungozoma ta ce "to" ba ta gane ba, ko dattijo ya fito daga ofis inda aka cakuɗa masa Hausa da Faransanci, ya ƙi tambaya don kada a ce bai yi lakwal ba. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma tambaya tana da lafazin ladabi. A iya cewa: "Malama, ki yi haƙuri, maimaita mini wurin kwanakin nan." Ko: "Ranka ya daɗe, a faɗa mini da Hausa, ina so in riƙe da kyau." Ma'aikacin kirki ya fi son wannan da a dawo masa da aiki a ɓace.

Lissafin kuɗi ma tarko ne ga wanda ya soma karatun lambobi. A baki da dala muke ƙirga, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. In ɗan kasuwa ya ce "ɗari da hamsin", a takarda 750 za a rubuta. Jika ɗaya 1000 ce, wato dala ɗari biyu. Idan ciniki ya haɗa ka da baƙo, musamman a wajajen Magarya da Matamaye inda naira ke yawo, tambayi ko dala ake nufi, ko sefa, ko naira, kafin ka ce ka saya.

Yadda ake yi

Da farko ka dakatar da aikin hannunka. Ka bar mai magana ya kai aya. In wani wuri ya shige maka duhu, ka riƙe shi a yatsa har ya gama. Kana saurare kana neman abu huɗu: mene ne za a yi, nawa, yaushe, har tsawon wane lokaci. Sauran bayani ko ya zube, waɗannan kada su zube. Sannan ka maimaita da kalmominka, kamar haka:

Mai rabo: Inna, na ba shi na yau. Ga sauran biyu.
Uwa: To ɗana, bari in faɗa ka ji. Ɗaya gobe, ɗaya jibi, ba tare ba.
Mai rabo: Haka ne, Inna.
Uwa: In ya yi amai yanzu fa?
Mai rabo: In bai kai rabin awa ba, ki aiko a kira ni.

Lura da cewa maimaitawar ce ta jawo tambaya ta biyu. Bayan haka a rubuta lambobin a littafi, ko a ja layi biyu a jikin takardar maganin, a soke ɗaya kowace rana. In saƙon murya ne a WhatsApp, a saurare shi sau biyu kafin a amsa ko a tura wa wani.

Wani lokaci kunnen ne da kansa ba lafiya. Wanda yake yawan cewa "na'am?", ko yake juyo da kunne ɗaya, ko yaron da kunnensa ke zubar da ruwa, ko wanda jinsa ya ragu bayan sanƙarau, asibiti ya kamata a kai shi a duba. Kada a sa tsinke, ashana ko gashin kaza a kunne. Mai irin wannan lalura a zaunar da shi sahun gaba a aji, a yi masa magana fuska da fuska, a hankali, ba da tsawa ba.

Aikin aji

Ku zauna bibbiyu. Na farko ya ba da saƙo mai lamba uku, misali: "Ka sayo tiya 4 ta hatsi, ka biya jika 3, ka kai gidan Hajiya a Birni kafin la'asar ta 2 ga wata." Na biyu ya yi shiru har a gama, ya maimaita, sannan ya rubuta lambobin a allo. Ku yi musanya. A zagaye na biyu malami ya kunna rediyo, ku ƙirga lambobi nawa suka ɓace.