Ɗinya: yadda ake shuka ta da cin moriyarta

Ɗinya itace ce mai son laima, shi ya sa aka fi ganinta a fadama da bakin rafi. Wanda ya dasa ta kan tsandauri ya wahalar da kansa.

Ƙwallonta ne ke ba manomi ciwon kai, don ɓawonsa na da tauri, yakan yi watanni a ƙasa bai tsaga ba. A samo 'ya'yan da suka nuna suka faɗo da kansu, a wanke naman tas, domin ragowar zaƙin na jawo tururuwa da ruɓa. A goga gefe ɗaya a jikin dutse har ɓawon ya yi siriri, kada a kai ga ƙwayar ciki. Sai a jiƙa kwana ɗaya, a binne a leda mai ƙasa kashi 2, yashi kashi 1, ruɓaɓɓen taki kashi 1, zurfin gaɓar yatsa. Ƙwallo ɗaya na iya fitar da tsiro fiye da ɗaya. A bar mai ƙarfin.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauri. Ɗinya na tofo daga saiwa, to idan damina ta kankama a haƙo tsiron da ke gindin uwar tare da guntun saiwarsa, a dasa ranar. Ramin ya kai kamu ɗaya a zurfi da faɗi, tazara mita 8 zuwa 10, don bishiyar na girma ƙwarai. A kewaye da ƙaya tun ranar farko. Akuya da gobarar daji su suka fi kashe ƙaramar ɗinya, sai ƙishirwar rani na farko.

Ɗinkin, wato sabon tofon ganyen, ana tsinkarsa da bazara tun yana laushi. A tafasa, a zubar da ruwan farko saboda bauri, a matse, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, albasa, barkono da gishiri. Abin takaici, masu sare reshe ɗungurungum don ɗinkin su ne ke hana bishiyar 'ya'ya a shekarar.

'Ya'yan kuwa sai sun yi baƙi wuluk suke zaƙi. Waɗanda suka ƙosa amma suna kore, a rufe su cikin toka 'yan kwanaki su nuna.

Maɗi: a zuba mudu 1 na nunanniya a ruwa lita 3, a bari ta jiƙu, a murje da hannu har ƙwallon ya fita fes, a tace. A ɗora kan wuta marar ƙarfi ana juyawa. Wuta mai yawa na kama gindin tukunya, maɗin ya yi ɗaci. Idan ɗigonsa ya tsaya kan faranti bai bazu ba, a sauke.